Gashin ƙashi: Yadda 'yan rawa da makaɗa ke komawa fage bayan rauni

Jiki shi ne jarin ɗan rawa da makaɗi. A birnin Minna na Jihar Neja, masu wannan sana'a na samun abincinsu a gidajen biki da tarukan sarauta da wuraren hada-hada irin su Kasuwar Kure, wadda aka sanya wa sunan tsohon gwamna Abdulƙadir Kure, da ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007. Duk ranar da ƙafa ko kafaɗa ta ƙi aiki, abin sawa a bakin salati ya tsaya.

Raunin da ya fi damun 'yan rawa shi ne targaɗen idon sawu da ciwon gwiwa da na baya, saboda tsalle da juyi da dirowa a kan ƙasa mai tauri. Su kuwa makaɗa, musamman masu kalangu da ke matse ganga a hammata na tsawon sa'o'i, sun fi fama da kafaɗa da wuyan hannu.

Da yawa kan garzaya kasuwa su sayi man zafi da ƙwayar kashe raɗaɗi, su koma fage washegari. Ƙwayar tana rufe zafin ne kawai, jijiyar da ta yage ba ta warke ba, don haka sai raunin ya dawo fiye da dā. Wasu kuma ta nan suke faɗawa shaye-shayen tramadol.

A kwana biyu zuwa uku na farko, abin da ake buƙata shi ne hutu, da ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, da ɗauri marar matsi, da ɗage ƙafar sama da ƙirji idan an kwanta. Gashi da ruwan zafi ko murza da ƙarfi a wannan lokaci na ƙara kumburi. Idan mutum ya kasa taku huɗu a kan ƙafar, ya kamata a ɗauki hoton ƙashi don a tabbatar babu karaya. Ɗauri mai tsanani, wanda ake gani a wajen wasu masu ɗori, yakan tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, ta kai ga yankewa.

Bayan kumburi ya sauka ne aikin likitan gashin ƙashi ke kankama. Yakan fara da motsa gaɓar a hankali don kada ta sandare, sannan atisayen ƙarfafa tsoka, sai koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya don dawo da daidaiton jiki. Tsalle da juyi su ne na ƙarshe. Ƙaramin targaɗe kan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, mai tsanani kuwa yakan kai wata uku. Ma'aunin komawa fage shi ne ƙafar da ta ji rauni ta iya abin da 'yar'uwarta ke yi ba tare da zafi ba.

Wannan fanni ya daɗe a Najeriya. An kafa ƙungiyar likitocin gashin ƙashi ta ƙasa a 1959, kuma doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar MRTB da ke ba su lasisi. Akwai sashen a manyan asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma duk ranar 8 ga Satumba ake bikin ranar fannin ta duniya.

Rigakafi ya fi magani. Ɗumama jiki na minti 10 kafin wasa, da duba filin rawa don kauce wa rami da santsi, da ba wa ɗan wasan da ya ji rauni hutu ba tare da shugaban ƙungiya ya yanke masa kasonsa ba, su ne ke tsawaita shekarun ɗan wasa a fage.