Alamomin Lalacewar Rufin Ɗaki Bayan Hunturu a Durba ta Ƙasar Rano

Tsakure

Ɗakunan ƙasa sun fi faɗuwa a marka, shi ya sa akan ɗora wa ruwan sama alhakin rushewarsu. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ɓarnar ke somawa tun a hunturu, lokacin da bushewar iska da sauyin sanyi da zafi ke tsaga yaɓe, su sassauta ɗaurin jinka, su kuma ɗago ƙusoshin kwano. An ɗauki Durba a matsayin misali, aka bi nau'o'in rufi uku tare da sunayen da Bahaushe ya ba sassansu, sannan aka fito da alamomin da ake iya gani tsakanin ƙarshen hunturu da saukar ruwan farko.

1.0 Gabatarwa

Masana sun yi rubuce-rubuce masu daraja a kan ginin Hausawa. Akwai kundin digiri na uku na Hamman Tukur Sa'ad na 1981, da littafin J. C. Moughtin na 1985, da kuma aikin Z. R. Dmochowski da aka wallafa a 1990. Waɗannan ayyuka sun fi mayar da hankali ga yadda ake tayar da gini da ƙawata shi, musamman a birane irin su Kano da Zariya, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Sai dai ga magidancin karkara, tambayar da ke gabansa kowace shekara ita ce ko rufin da iyalinsa ke kwana a ƙarƙashinsa zai kai kaka. Amsar tana jikin rufin, kuma an fi iya karanta ta a 'yan watannin da ke biye da hunturu.

2.0 Durba da Yanayinta

Durba mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kibiya, cikin masarautar Rano, a kudancin jihar Kano. Kamar sauran garuruwan yankin, noma ne babbar sana'ar mutanenta, kuma ana samun rufi iri uku a gidajensu: rufin soro na azara da ƙasa, da jinka ta ciyawa, da rufin kwano wanda yake ta ƙara yawa.

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama. Damina kan kama a wajen watan Mayu, ta kai ƙarfinta a Agusta, ta janye a farkon Oktoba. Hunturu kan biyo baya daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Janairu sanyin asuba a ƙasar Kano kan sauka zuwa kimanin digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, alhali da rana zafi kan kusanci digiri 30, danshin iska kuwa yakan yi ƙasa ƙwarai. Ke nan rufin da ya sha ruwa wata biyar yana fita daga jiƙa ne ya faɗa cikin bushewa mai tsanani, ga sanyi da dare, ga rana da hantsi.

3.0 Yadda Sanyi ke Ɓarna

A ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada da Rasha, ruwa ne ke shiga ƙananan kafofin rufi ya daskare. Ruwa kuwa idan ya daskare girmansa kan ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100, sai ya buɗa kafar. Dusar ƙanƙara kuma kan taru ta danne rufi da nauyi, ko ta narke ta sake daskarewa a bakin rufi ta tare hanyar ruwa. Mai gida ba ya ganin yoyo sai lokacin narkewa ya zo.

A ƙasar Hausa ruwa ba ya daskarewa, bushewa ce ke yin aikin. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura idan ta jiƙa, tana tsukewa idan ta bushe. Iskar hunturu kan busar da fatar yaɓe tun cikinsa na da danshi, sai saman ya tsuke ya bar na ƙasa, daga nan tsaga ta fito. Itace da igiya su ma suna ƙanƙancewa, ƙarfe kuma yana miƙewa da rana ya koma da dare. Inda yanayin biyu suka haɗu shi ne, ɓarnar kan auku a lokacin sanyi, amma sakamakonta ba ya bayyana sai ruwa ya samu hanya. Bahaushe ya riga ya faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.0 Rufin Soro

4.1 Tsarinsa

Azara ita ce ƙashin bayan rufin soro. Daga gangar giginya ake tsaga ta, kuma an fifita ta ne saboda ƙarfinta da jure wa gara. Tazarar da take iya ɗauka ba tare da tallafi ba, ba ta cika kai mita 2 ba, don haka a ɗaki mai faɗi akan yi mata tauyi, ko ginshiƙi, ko bakan gizo. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a karkata ta zuwa bakin indararo, sannan a shafe da makuba ko laso. Rawani ne ke kewaye gefen rufin, zankwaye kuma na tsaye a kusurwoyi. Kowanne daga cikin waɗannan sassa yana da irin alamar da yake nunawa.

4.2 Alamomin da ke Sama

Tsaga ita ce alama ta farko, amma ba duka suke daidai ba. Akwai sirara masu rassa, irin waɗanda ake gani a busasshen tafki. Waɗannan a fatar yaɓe suka tsaya, shafe ɗaya kan rufe su. Akwai kuma doguwar tsaga wadda ta bi layi ɗaya, wadda tsinke ke shigewa cikinta ya nutse. Irin wannan kan bi tsawon wata azara da ta motsa a ƙasa, don haka liƙe ta daga sama bai magance dalilinta ba.

Wuri biyu sun fi kowane haɗari. Na farko shi ne mahaɗar rawani da shimfiɗar rufi, domin ruwan da ya shiga nan kai tsaye yake sauka kan bakin azarar da ke binne a bango. Na biyu shi ne wuyan indararo. Ko na kwano ne ko na yumɓu, yadda yake motsi da sauyin zafi daban yake da na ƙasar da ta riƙe shi, sai rata ta buɗe a kewayensa. Idan an ga zaizayar bara ta yi layi a jikin bango daidai ƙarƙashin indararo, ruwa ya riga ya fara bin bayansa. Haka nan ƙurar hunturu da busasshen ganye da sheƙar tsuntsu kan toshe bakinsa.

Bayan ido, kunne ma yana da aiki. Idan aka ƙwanƙwasa yaɓe da ɗan dutse aka ji amo irin na kifaffiyar ƙwarya, ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa ko da fuskarsa lafiya lau take. Sai kuma loɓawa, wato inda rufin ya yi kwari. Ƙura takan fi kwanciya a wurin, kuma a nan ruwa zai kwanta. Ciyawar da ta tsiro a kan soro da damina ita ma abin lura ce, domin saiwarta idan ta bushe takan bar ƙananan ramuka. Yawan hawa domin shanyar barkono ko kuɓewa, da tsallen awaki, suna ƙara farfasa yaɓen da ya riga ya yi rauni.

4.3 Alamomin da ke Ciki

A cikin ɗaki, azarar da ta ranƙwafa fiye da 'yan'uwanta ita ce abin fara dubawa, sai tabon yoyon bara a jikin asabari. Gara ba ta cika cin azara mai kyau ba, amma tana cin zana da karan da ke samanta, kuma takan bar hanyarta ta ƙasa a jikin bango. Ɓurɓushin ƙasa ko garin itace da ake tararwa a kan gado da safe yana nufin wani abu na sakin jiki a sama. Bakin azara kuma, inda ya shige bango, ana gwada shi da tsinin wuƙa; idan wuƙar ta shige da sauƙi, ya ruɓe.

Akwai wata alama da akan yi wa gurguwar fahimta. Ƙyauren katako yakan kumbura da damina ya cije, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma idan ya cije a tsakiyar rani, lokacin da ya kamata ya saki, mai yiwuwa azarar saman ƙofa ce ta sauko saboda nauyin da ke kanta.

4.4 Nauyin Gyara

Gyaran kansa yana iya zama sanadin faɗuwa. A ɗauki ɗaki mai mita 3 a tsaye da mita 3 a kwance, da kaurin ƙasa santimita 15 a kansa. Busasshiyar ƙasar da ke kan azararsa ta haura tan 2. Idan kowace shekara aka ƙara yaɓe mai kaurin santimita 2 ba tare da an kankare tsohon ba, an ƙara nauyin da ya kusa buhun hatsi 3 masu kilo 100. Cikin shekara 5 ƙarin ya doshi tan ɗaya da rabi, tun kafin ƙasar ta sha ruwa. Saboda haka rawanin da ya gajarce, har ya kusa daidaita da shimfiɗar rufi, shaida ce ta yaɓe a kan yaɓe.

5.0 Jinka da Kwano

Jinka ta dogara ne ga ɗauri. Tsaiko da tanka da shucin da aka yanta duk igiya ce ke riƙe da su, kuma hunturu na busar da igiya ta saki ko ta tsinke. Hanya mafi sauƙi ta dubawa ita ce a shiga ɗakin da rana tsaka a rufe ƙofa. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Daga waje ana lura da ƙoƙuwar ɗaki ko ta karkace, da layin baibayar da ya zame, da ciyawar da ta yi baƙi tana marmashewa a hannu, wato ta zama bunu. Irin wannan jinka ko kafin damina tana da haɗari, domin tartsatsi kaɗan ya ishe ta a lokacin da ake jin ɗumi.

Kwano kuwa shi ke sanar da motsinsa da kansa, da 'yar ƙarar da yake yi da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana. Miƙewar falle ɗaya ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, amma maimaituwarta kullum tana faɗaɗa ramin ƙusa, katakon da ya bushe kuma yana sakin ƙusar. Alamominsa su ne kan ƙusa da ya ɗago, da gefen falle da ke kaɗawa idan iska ta taso, da tsatsa a mahaɗar falle biyu, da ɗigon haske a inda babu sili. Iskar farkon damina ta nan take samun shiga ta yaye rufin gaba ɗaya. Dutse ko tsohuwar taya da ake azawa a kai suna nuna an san da matsalar, amma ba su maye gurbin ƙusa da ɗaurin katako da bango ba.

6.0 Daga Laso Zuwa Siminti

Kayan kariyar rufi suna da alaƙa da tarihin wannan yanki. A ruwayar Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, kuma Philip Shea ya nazarci bunƙasar rini a ƙasar Kano a ƙarni na 19 cikin kundinsa na 1975. Daga karofi ake samun katsi, wanda ake haɗawa da gashin jima da ruwan dafara a yi laso. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Da marina suka ja baya, katsi ya yi wuya, sai siminti ya shigo.

Shafen siminti a kan ƙasa yana da aibi guda: ba sa motsi tare. Ƙasa na tsukewa a hunturu ta bar simintin a tsaye kamar ɓawo. Idan ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ya riƙa jiƙa ƙasar daga ciki alhali waje na nuna lafiya. A irin wannan rufi gwajin ƙwanƙwasawa ya fi gwajin ido amfani.

7.0 Lokacin Dubawa

Watannin Maris da Afrilu su ne lokacin da ya fi dacewa, domin tsagar da za ta fito ta gama fitowa, ruwa bai sauka ba, aikin gona kuma bai kama ba. Kwaɓin da aka bari ya kwana biyu da ciyawa a cikinsa ya fi riƙewa, wanda kuma aka yaɓa ya bushe da gaggawa shi ke saurin tsagewa. A garin Jenne na ƙasar Mali, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, jama'a kan taru kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. Bahaushe ma yana da gayya, yana kuma da karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ya fi shafar ɗakunan tsofaffi da na matan da mazansu suka tafi cin rani, waɗanda ba su da mai hawa ya duba musu. Ɗakin da azararsa ta ruɓe ko ta ranƙwafa sosai kuwa, a kwashe masu kwana a ciki kafin a kira magini.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rufin da ya faɗi a Agusta yakan soma nuna alamunsa tun a Fabrairu, kuma ana gane su da ido da kunne da tsinke da wuƙa. Ta kuma nuna cewa sanin alamomin ya rataya ne ga sanin sassan rufin da sunayensu. Matashin da bai san tauyi ko tanka ba, da wuya ya lura sun motsa, da wuya kuma ya iya yi wa magini bayanin abin da ya gani. Ƙamus irin na Bargery na 1934 ya adana kalmomin gini masu yawa, amma yadda magini ke bambance tsaga da tsaga, da amo da amo, a bakinsa yake. Tattara wannan sani daga maginan Durba da Kibiya da Rano aiki ne da ya dace da manazarta harshe da al'ada, kuma amfaninsa zai koma ga masu kwana a ƙarƙashin azara.