Maroko: Yadda tsofaffin ɗaliban Nijar ke zagaya garuruwan da suka yi karatu da motar haya

Ƴan Nijar da dama sun yi karatun jami'a a Maroko da tallafin hukumar AMCI, wadda aka kafa a 1986. Yawancinsu sun san ƙasar ne ta tagar motar safa da jirgin ƙasa, da ɗan kuɗin da ba ya kai ƙarshen wata. Yau wasu daga cikinsu, ma'aikata a Yamai, Maraɗi ko Turai, sukan koma su kaɗai a lokacin hutu, su karɓi motar haya a filin jirgin saman Mohammed V na Kasabalanka, su bi garuruwan da suka zauna ɗaya bayan ɗaya.

Zangon farko galibi shi ne Rabat, mai nisan kilomita kusan 90 daga Kasabalanka. A nan ne masaukin ɗalibai na ƙasa da ƙasa yake, a unguwar Hay Riad, inda ƴan Afirka da yawa suka yi kwanansu na farko a ƙasar. Wanda ya bar birnin kafin 2011 zai tarar da taragon zamani yana ratsa tituna tsakanin Rabat da Sale, kuma tun 2018 jirgin ƙasa mai gudun gaske, Al Boraq, ke haɗa Tanja da Kasabalanka. Ginin makaranta yana nan, amma mai shagon da ke ba da bashin burodi ya tashi, abokan ɗaki kuma sun watse zuwa Dakar, Abijan ko Montreal.

Daga Rabat zuwa Fas tafiyar kilomita kusan 200 ce. Ga ƴan Tijjaniyya na Damagaram, Tawa da Maraɗi, garin ya wuce wurin yawon buɗe ido, domin a nan ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda ya rasu a 1815. A nan kuma masallacin Al-Ƙarawiyyin yake, wanda aka kafa a shekarar 859. Sai dai mota ba ta shiga tsohon garin. Matafiyi yakan ajiye ta a wajen ganuwa, misali kusa da ƙofar Bab Bujlud, ya ba mai gadi ƴan dirhami, ya ƙarasa da ƙafa cikin lunguna.

Abin da motar haya ke ba mutum shi ne damar tsayawa inda ya ga dama. Daga Fas zai iya hawa zuwa Ifran, garin da ƙanƙara ke sauka a lokacin sanyi, inda ɗaliban Sahel da dama suka fara ganinta da idonsu. Daga Marrakesh kuma hanyar Warzazat na ratsa mashigar Tizi n'Tishka, mai tsawon mita 2,260, cike da kwanoni. Yankin Al Hawz da ke kudu da Marrakesh shi ne girgizar ƙasar ranar 8 ga Satumban 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda mutane kusan 3,000 suka mutu. Wanda ya san ƙauyukan dutsen a da zai iske wasu sun sake kama.

Amma kuɗi na iya salwanta tun a teburin kamfanin haya. Manyan kamfanoni sukan nemi katin banki mai sunan direban, su riƙe wani adadi a matsayin jingina har sai an dawo da motar. Inshorar da ke cikin farashi takan bar wa direba wani kaso na asara idan aka yi hatsari ko aka ƙwarzane jikin motar. Saboda haka masu ƙwarewa ke ɗaukar bidiyon motar gaba da baya, da tayoyi da gilasai da ma'aunin mai, kafin su fita, su kuma tabbatar an rubuta kowane tabo a takarda. Tambayar kamfanin tun daga gida ko zai karɓi lasisin tuƙin Nijar shi kaɗai, ko sai an haɗa da na ƙasa da ƙasa, takan hana jayayya a filin jirgi. Wajen lissafi, dirhami ɗaya ya kai kusan CFA 60.

A hanya, ana tuƙi ta hannun dama kamar a Nijar. Iyakar gudu ita ce kilomita 120 a manyan hanyoyin da ake biyan kuɗi, 100 a wajen gari, 60 a cikin gari. Jandarmomi na da na'urorin auna gudu, kuma a shingensu direba yakan tsaya cak a inda allo ya nuna har sai an yi masa alamar wucewa. Idan aka ci tara, a nemi rasit. A arewacin ƙasar, wajen Tanja da Nador, inda ake sa ido kan masu neman tsallakawa Sifaniya, baƙar fata ya fi fuskantar tambayoyi, don haka fasfo mai hatimin shiga da takardar hayar mota su kasance a kusa.

Babban haɗarin mai tafiya shi kaɗai shi ne gajiya, tunda babu wanda zai karɓe shi a sitiyari ko ya tashe shi idan gyangyaɗi ya zo. Hatsarin hanya na kashe fiye da mutum 3,000 kowace shekara a Maroko. Tsofaffin hannu sukan guji tuƙin dare a hanyoyin dutse, su tura wa wani na gida inda suke ta WhatsApp a kowane zango, su kuma ajiye lambobin gaggawa a waya: 19 ta ƴan sanda a cikin gari, 177 ta jandarmomi a karkara, 15 ta motar asibiti da ƴan kwana-kwana.