Mita Ta Lalace, Tara Ta Sauka: A Biya Ko A Ja?

A titunan Ingila akwai wata 'yar leda mai ruwan ɗorawa da baƙin rubutu, wadda direba ke hangowa tun daga nesa gabansa ya faɗi. A gilashin gaba ake manna ta, a cikinta kuma takardar tara ce. Yawancin masu samunta sun san abin da suka yi: ko sun wuce lokacin da suka biya, ko sun tsaya inda aka hana. Amma akwai wanda ya ajiye motarsa inda doka ta yarda, ya nufi injin biya da kuɗinsa a hannu, ya tarar allo ya mutu, ko injin ya haɗiye sulalla bai fito da tikiti ba. Ya waiga dama da hagu, babu wanda zai tambaya. Ya shiga sabgarsa, ya dawo ya tarar da leda. Wannan mutumin shi ne yake tsaye tsakanin abu biyu: ya biya ya huta, ko ya ce bai yarda ba.

Rigimar ta daɗe. A birnin Oklahoma na Amurka aka kafa mitar ajiye mota ta farko, ranar 16 ga Yuli 1935, bisa dabarar wani lauya kuma ɗan jarida, Carl Magee, ana biyan santi biyar a awa. Landan ta bi sahu a 1958, a unguwar masu hannu da shuni ta Mayfair. Bayan shekara biyu aka saki ma'aikatan yanka tara a titi, kuma takardar farko da suka rubuta ta faɗa kan motar wani likita da ya garzaya otal don duba mai ciwon zuciya. Fam biyu aka ci shi. Jaridu suka yi ca, aka yafe masa.

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne, a Ingila lalacewar mita ba ta wanke direba kai tsaye. A jerin lambobin laifuffukan da ƙananan hukumomi ke amfani da shi ma akwai lamba 08, wato ajiye mota a gaban mitar da ba ta aiki a lokacin da ake karɓar kuɗi. Matsayin hukuma a mafi yawan wurare shi ne: in wannan injin ya ƙi, nemi na gaba, in babu, biya ta waya, in ya gagara, ka ɗauke motarka. Sau da yawa haka aka rubuta a jikin injin da ƙananan haruffa, inda mai sauri ba ya dubawa.

Ba ko'ina ake wannan tsaurin ba. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2013 da ta hana birane cin tarar wanda ya tsaya a mitar da ta lalace, muddin bai wuce iyakar lokacin da aka rubuta a allon titi ba. A New York ana son direba ya gwada wani injin na kusa, in duk sun mutu sai ya tsaya iya lokacin da allo ya ƙayyade. Su ma masu tsaurin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: in lalacewar mita na nufin fakin kyauta, to za a samu masu cusa mata takarda ko cingam da gangan. Matsalar dai ita ce, a ƙoƙarin toshe wa mai wayo hanya, mai gaskiya ake dannewa.

Kafin direba ya yi lissafin komai, sai ya duba wanda ya rubuta takardar. Iri biyu ne, kuma duka ana taƙaita sunansu da haruffa uku iri ɗaya, PCN, har launin ledar ma kusan ɗaya ne. Wadda aka rubuta wa Penalty Charge Notice ta ƙaramar hukuma ce, tara ce da dokar kula da zirga-zirga ta 2004 ta ba su ikon yankewa. Wadda aka rubuta wa Parking Charge Notice ta kamfani ce mai kula da filin wani kanti ko asibiti, kuma a idon shari'a ba tara ba ce, kuɗi ne da kamfanin ke nema bisa cewa direba ya saɓa sharaɗin da ke jikin allon shiga. Hanyoyin ƙalubalantarsu daban ne. Scotland da Ireland ta Arewa kuma suna da nasu tsarin.

A ɗauki ta ƙaramar hukuma. A wajen Landan, rashin biya ko rashin tikiti ƙaramin laifi ne, yawanci fam 50. A cikin Landan, bayan ƙarin da aka yi a Afrilu 2025, ƙaramin laifi ya kai fam 110 a unguwanni masu cunkoso, babba kuma fam 160. Ana ba da kwana 28 a biya, amma wanda ya biya cikin kwana 14 rabi zai bayar. Wannan rangwamen shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ce maka in ka biya yanzu ba ciniki zai bar maka a rabin kuɗi: ya san mutum zai fi jin tsoron rasa rabin fiye da son gano ko kayan sun kai. Kuma da zarar an biya, hukuma na ɗaukar magana ta ƙare. Da wuya a sake sauraron ƙorafi.

Sai dai akwai ƙofar da mutane da yawa ba su san da ita ba. Matakin farko, wato rubuta wa hukumar ƙorafi kafin ta aiko wa mai motar takarda gida, kyauta ne, kuma ƙa'idar da gwamnati ta ba ƙananan hukumomi ta ce in ƙorafin ya iso cikin kwana 14 ɗin farko aka ƙi shi, ya kamata su duba yiwuwar sake buɗe rangwamen na wasu kwana 14. Yawancinsu suna yin hakan, kuma sukan faɗa a bayan takardar. Inda aka yi wannan alkawarin, direba ba shi da abin asara a matakin farko sai 'yan mintunan da zai ɓata yana rubutu. Duk wanda mita ta ci amanarsa ya biya ba tare da ya gwada wannan ba, ya yi gaggawa.

Daga nan ne lissafi ke canjawa. In an ƙi ƙorafin kuma bai biya ba, takarda za ta zo gida da sunan wanda aka yi wa motar rajista, ana neman cikakken kuɗi. Yana da kwana 28 ya shigar da ƙorafi a hukumance. Ita ma hukumar an ɗaure ta: in ta wuce kwana 56 ba ta amsa ba, doka na ɗauka ta amince, tarar ta faɗi. In ta ƙi, za ta aiko da takardar ƙi tare da bayanin ɗaukaka ƙara, a sake ba shi kwana 28 ya kai maganar gaban mai yanke hukunci mai zaman kansa. A babban birni London Tribunals ke wannan aikin, a sauran Ingila da Wales kuma Traffic Penalty Tribunal. Lauyoyi ne, ba ma'aikatan hukumar da ta yanka tarar ba. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, ana iya yin komai ta intanet ko ta waya, kuma ba a ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin shari'a sai in ƙararsa ta wasa ce ko ta neman fitina.

To amma rangwame ya tafi. Mai tarar fam 50 yana da zaɓin ya ba da 25 yau, ko ya je gaba ya fita ba ko sisi, ko ya biya 50. Abin da zai iya ci da abin da zai iya rasa daidai suke, don haka tafiyar ba ta da riba sai in yana ganin damarsa ta fi rabi. Kuma damar ba ta dogara da yawan haushinsa, ta dogara da abin da ya tattara a cikin mintuna biyar ɗin da ya yi a gaban injin.

Nan ne aikin yake. Hoton allon da ya mutu, ko saƙon kuskuren da ya nuna. Hoton lambar injin, wadda galibi ke jikin wata 'yar takarda a gefe ko a sama, domin da ita hukuma za ta nemo tarihin gyaransa. Hoton da ya haɗa motar da injin da sunan titi a waje ɗaya. Kiran lambar kai rahoton lalacewa da ke jikin injin, ko da ba a ɗauka ba, saboda wayar za ta riƙe lokacin kiran. In akwai inji na biyu a titin, a taka a gwada shi, a ɗauki hotonsa. In manhajar biya ta ƙi, a ɗauki hoton fuskar waya. In kati ya biya tikiti bai fito ba, bayanin banki shaida ne mai ƙarfi. 'Yar takardar da direbobi ke rubutawa su ajiye a bayan gilashi cewa mita ba ta aiki ba ta hana ma'aikaci yanka tara, amma tunda yakan ɗauki hoton motar, takardar na iya fitowa a cikin hotunan hukumar kanta, ta nuna ba daga baya aka ƙirƙiro labarin ba.

Wasiƙar kuma gajeriya ta fi. Lambar tara, lambar mota, rana da lokaci, lambar injin, abin da aka gwada ɗaya bayan ɗaya, sannan a nemi hukuma ta duba rajistar lalacewar injin na wannan ranar. Injunan zamani suna aika rahoton matsalarsu ofis da kansu, wannan rajistar kuwa kaifi biyu gare ta: in ta nuna inji ya tsaya daga tara zuwa sha ɗaya, magana ta ƙare, in ta nuna wasu sun sayi tikiti minti uku kafin zuwan direba da minti uku bayansa, sai ya nemi wata hujjar.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da mai yanke hukuncin: tausayi ba ya cikin ikonsa. Doka ta lissafa masa dalilan da zai iya soke tara da su, kamar cewa laifin bai faru ba, ko hukuma ta yi kuskure a bin ƙa'ida, ko umarnin da aka kafa dokar titin a kansa ba shi da inganci. (Mazauna Abuja za su tuna cewa irin wannan hujja ta ƙarshe ce ta rushe tsarin biyan kuɗin fakin na birnin a 2014, lokacin da babbar kotu ta ce ba shi da madogara a doka.) In ya ga uzuri mai ƙarfi wanda bai shiga jerin ba, iyakarsa ya mayar wa hukuma ya ba ta shawarar ta yafe. Ita hukumar ce ke da ikon yin afuwa, shi ya sa labarin asibiti da na yaro marar lafiya ya fi amfani a wasiƙar farko.

Takardar kamfani kuwa, an daɗe ana yaɗa cewa a jefa ta kwandon shara. Wannan shawarar ta mutu. Tun 2012 doka ta hana kamfanoni ɗaure ƙafar mota a filaye masu zaman kansu, amma ta ba su damar bin mai motar in ba a san direba ba. A Nuwamba 2015 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Barry Beavis, mai shagon soyayyen kifi da dankali, wanda ya wuce awa biyun kyauta da minti 56 a wani filin kantuna a Chelmsford. Kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85, kotu ta ce kuɗin bai wuce kima ba. Yau irin wannan takarda takan kai fam 100, ta sauka zuwa 60 ga mai biya da wuri. Ana fara kai ƙorafi ga kamfanin, in ya ƙi sai a ɗaukaka ƙara zuwa POPLA ko IAS, ya danganta da ƙungiyar da kamfanin ke ciki. Hukuncinsu na ɗaure kamfani, ba ya ɗaure direba, amma wanda ya yi biris har kotu ta yanke masa bashi bai biya cikin wata guda ba, tabon zai zauna a tarihin bashinsa shekara shida, wanda zai iya hana shi samun rance ko hayar gida.

Duk da haka ja kan yi amfani wani lokaci. A ƙarshen 2024 BBC ta ba da labarin wata mata a Derby da wani kamfani ke nema da fam 1,906. Ta biya kuɗin fakin ɗinta duk ranar da ta tsaya. Laifinta shi ne ta wuce minti biyar ɗin da kamfanin ya ƙayyade kafin ta biya, domin a cewarta injin ba ya aiki, sabis ɗin waya kuma ba shi da ƙarfi a wurin. Ta ƙi biya, 'yan majalisa suka sa baki, kamfanin ya janye ƙarar, kuma a Fabrairu 2025 ƙungiyoyin kamfanonin suka gyara ƙa'idarsu, aka daina cin wanda ya biya kafin ya fita daga filin da kyamara ke gadi.

Shiru ne kawai zaɓin da ba shi da wata fa'ida. Tarar hukuma da aka yi banza da ita tana ƙaruwa da rabi, fam 50 ta koma 75, fam 110 ta koma 165. Daga nan a yi mata rajista a matsayin bashi a wata cibiyar kotu da ke Northampton, sai masu karɓar bashi su zo ƙofar gida da nasu cajin a kai. Ɗalibai da baƙi da ke yawan sauya gida su suka fi faɗawa wannan ramin, saboda wasiƙun na zuwa adireshin da ke rajistar motar, ba inda mutum yake kwana ba.

Su kansu injunan suna ƙarewa. Da kamfanonin waya suka fara rufe layin 3G da tsofaffin injuna ke aiki da shi, wasu ƙananan hukumomi sun ga sauya su ya yi tsada. Hukumar Brighton da Hove ta kashe nata a 2023, ta koma biya ta manhaja da ta shaguna. Rigimar sai ta koma cikin waya: sabis ya ɗauke, an danna lambar wani titin daban, an rubuta sifili a maimakon harafin O a lambar mota. Tsofaffi da marasa babbar waya su ne suka fi kuka da wannan sauyin, kuma hujjar cewa inji ya lalace tana ƙara rauni a duk inda allo ya nuna akwai wata hanyar biya.