KUCERI KO KUCHERI? KWAMFUTA BA TA KARƁAR UZURI

Duk matafiyin da ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau zai ratsa ta wani gari a Ƙaramar Hukumar Tsafe wanda takardun gwamnati ke rubuta shi Kucheri, alhali a ƙa'idar rubutun Hausa Kuceri ne. Ita kanta Tsafe, Chafe Turawan mulki suka riƙa rubutawa. Ma'aikacin gidan waya ya san gari ɗaya ake nufi, amma kwamfuta ba ta da wannan hankali, kuma a nan ne ɗalibai masu koyon rubuta manhaja suke yawan yin tuntuɓe.

A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, akan rarraba babban aiki cikin fayiloli, sa'an nan a kirawo kowanne da kalmar import. Alal misali, idan ma'aikaci mai tsara lissafin albashi ya rubuta import kuceri, na'ura za ta nemi fayil mai suna kuceri.py. In kuwa kucheri.py aka ajiye, sai ta ce ba ta gan shi ba, aiki ya tsaya cik, ko da wata ya ƙare.

Ɗigo kuwa jaka yake nunawa. Watau zamfara.tsafe.kuceri na nufin a shiga jakar zamfara, a buɗe ta tsafe, a ɗauko kuceri.py, tamkar dai adireshin wasiƙa daga jiha zuwa ƙauye. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, kuma ba a kirawo sunan da ya fara da lamba ko mai karan ɗori a tsakiya.

Tun fitowar Python 3 a 2008 an yarda da baƙaƙe masu lanƙwasa cikin sunaye, saboda haka ƙaura.py ya halatta, amma shi da kaura.py fayiloli biyu ne daban.

Haɗari mafi girma shi ne takwara. Na'ura takan fara dubawa a jakar mai aiki kafin ta leƙa rumbunta. Ɗalibin da ya raɗa wa fayilinsa random.py ya tare wa na ainihi hanya ke nan.

Saboda haka ya kamata kowane ofishi ya tsai da rubutu ɗaya ga kowane suna tun ran gini, kada a bari sai ran zane.