Tafiya Ko Keke: Wanne Ya Fi Wa Mai Ciwon Gwiwa?

A Dosara da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Bakalori, da zarar gwiwar dattijo ta fara tsami, sai a ce masa ya huta. Hutun kwana biyu ba laifi, amma na wata da watanni shi ke ƙarasa gwiwar. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai ana lanƙwasawa ana miƙewa ruwan yake ratsa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ciwon zaizayewar gaɓɓai, kuma gwiwa ta fi kamawa. Motsi dai ya zama dole, saura a zaɓi irinsa.

Tafiya ba ta cin ko sisi. Mai zuwa masallaci yana yin ta, tsohuwa ma za ta iya zagaya tsakar gidanta. Tafiya tana ƙarfafa ƙashi, domin ƙafa ce ke ɗauke da jiki. Sai dai a nan ne illarta take: a kowane taku, nauyin da ke sauka a kan gwiwa yakan ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Idan kuma aka haɗa da yashi, ko tsallaken kunyoyin gona, ko gangara da silifa, wahalar ta ƙaru. Fili mai baje da takalmi sau-ciki take so.

Keke kuwa sirdi ne ke ɗaukar nauyi, gwiwa juyi kawai take yi, naman cinya da ke tallafe ta yana ƙara ƙwari. Amma dubi yadda ake hawansa: a sauke sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa, gwiwa ta dunƙule kamar ta mai tsugunno. Daidai shi ne a ɗaga sirdin har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Tuƙa keke da buhun shinkafa zuwa kasuwar Talata Mafara kuma aikin ƙarfi ne, gwiwa ba ta ƙaruwa da shi. Ga haɗarin faɗuwa ga mai jiri ko raunin gani, ga shi a al'adarmu mata ba su cika hawa ba.

Saboda haka mai ƙiba wanda taku ke yi wa zafi, keke ya fi masa. Wanda tsufa ya kama sosai, tafiya da sanda ta fi masa aminci. Kowanne aka ɗauka, a fara da minti 10 bayan hantsi ya ɗaga, musamman da hunturu, a riƙa ƙarawa har a kai minti 150 a mako. Idan ciwon bai lafa ba awa biyu bayan an gama, an zarce, gobe a rage. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, balle da zazzaɓi, ba ta keke ba ce ba ta tafiya ba, ta asibiti ce.