Zangon Tsuntsaye a Tsakiyar New York

Da asubar watan Satumba, tun kafin motocin haya su cika titunan Manhattan, wasu mutane sun riga sun shige lambun Central Park, kowa da tabaron hangen nesa rataye a wuya. Baƙin da suka sauka cikin dare suka zo tarba.

Yawancin ƙananan tsuntsayen da ke barin dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka da kaka, su nufi tsibiran Karibiyan da Kudancin Amurka, tafiyar dare suke yi. Idan gari ya waye a kansu suna saman New York, ba abin da ke ƙasa sai siminti da kwalta, sai wannan koren fili mai hekta 341. Nan suke yada zango kamar fatake, su sha ruwa, su cika ciki da ƙwari da 'ya'yan itace. Fiye da nau'i 200 ake gani a lambun duk shekara, kuma inda aka fi dafifi shi ne Ramble, wani ɗan kurmi mai eka 36 da siririn rafi ya ratsa.

Kallon kaka sai mai haƙuri. Da bazara mazan tsuntsayen suna cikin kwalliya, suna ta waƙa. Yanzu kuwa sun tuɓe ado, sun yi shiru, ga 'ya'yan bana da ke tafiyarsu ta farko sun cakuɗe da manya. Sai ka ga dattijuwa ta ɗaga kai minti goma tana bin motsin ganye ɗaya, wuya ya ƙage, don kawai ta tantance launin ƙafar wani ɗan tsuntsu.

Kuma ƙafar tana da labari. Akwai ɗan mitsitsin da sunansa na Turanci ke nufin mai baƙin kai. Da kaka baƙin yakan ɓace, sai rawayar ƙafarsa ta tona shi. Nauyinsa giram 12 ne, kamar dunƙulen magi uku. Yakan ci har ya kusan ninka haka, sannan ya faɗa saman tekun Atlantika. Binciken da aka wallafa a 2015, bayan an ɗaura wa wasunsu 'yan na'urori a baya, ya nuna suna yin kwana biyu zuwa uku a sama ba sauka, tafiyar da ta haura kilomita 2,200. Duk wanda ya san haka ba zai ƙara yi masa kallon raini ba.

Sai dai birnin da ke ba su masauki shi ne kuma ke kashe su. Hasken dare yana ruɗa su, gilashin benaye kuma yana nuna musu hoton bishiya da sararin sama, su tafi da gudu su buga. Ƙungiyar NYC Bird Alliance ta ƙiyasta cewa tsuntsaye 90,000 zuwa 230,000 ne ke mutuwa haka a birnin kowace shekara. 'Yan sa-kai kan zagaya gindin benaye da sassafe suna ƙirga gawa, masu sauran numfashi kuma a sa su a jakar takarda a kai asibitin tsuntsaye.

Wannan ƙidayar ce ta sa aka fara gyara. Cibiyar taro ta Javits ta sauya gilasanta da masu ɗigo-ɗigo da tsuntsu ke iya gani, mace-macen suka ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Tun daga 2021 doka ta wajabta wa sababbin gine-gine irin wannan kariya har tsayin kusan mita 23.

Ko daren 11 ga Satumba, da ake harba fitilu 88 sama don tunawa da waɗanda harin 2001 ya rutsa da su, masu kallon tsuntsaye na nan har asuba. Ranar ta faɗo daidai tsakiyar ƙaura, kuma tsuntsaye kan maƙale cikin hasken suna kewayawa, suna ƙona kitsen da ya kamata ya kai su kudu. Da zarar ƙidaya ta haura 1,000, sai a kashe fitilun na minti 20, ayarin ya watse ya kama hanya.