Bayani Ga 'Yan Kasuwa Da Dillalai A Kan Dogon Kwanrod

'Yan kasuwar kayan mota da dillalai, bayaninmu na yau a kan kwanrod ne, watau hannun ƙarfen nan da ke haɗa fistin da karanshaf a cikin inji. Akwai irinsa da ake ƙerawa ya fi na kamfani tsawo, masu haɗa injin tsere su ke nemansa. Wanda bai sani ba, in ya tsince shi a cikin kaya, sai ya ce ai duk kwanrod kwanrod ne, ya miƙa wa mai mota. To, nan asara take. Abin da muke so ku riƙe shi ne, dogon kwanrod ba ya shiga inji shi kaɗai, sai tare da fistin ɗin da aka yi dominsa.

Ga dalili. Daga tsakiyar karanshaf zuwa saman bulo, inda kan silinda ke zama, tsawo ne ƙayyadadde tun daga masana'anta. Abu uku ke raba wannan tsawo. Na farko rabin tafiyar fistin, watau rabin nisan da yake yi daga ƙasa zuwa sama. Na biyu tsawon kwanrod. Na uku tsawon shi fistin ɗin, daga tsakiyar fin da ke riƙe shi zuwa samansa. Kamar mudu ne: in ka ƙara gero, tilas ka rage dawa, in ba haka ba ya zube.

Wannan aiki a Amurka ya fi ƙarfi, saboda haka daga can za mu ɗauko misali. Injin Chevrolet 350 mai silinda 8, wanda ya fito a 1967, tsawon bulonsa inci 9.025 ne. Tafiyar fistin inci 3.48, rabinta 1.74. Kwanrod na kamfani inci 5.7, fistin kuwa 1.56. Ku haɗa ukun, inci 9 daidai. Ragowar da ta saura a sama inci 0.025 ce kawai, ba ta kai milimita ɗaya ba.

To, yanzu a ce an cire na 5.7 an sa mai inci 6, an bar tsohon fistin. An ƙara inci 0.3 ke nan, watau milimita 7.6, a wurin da babu ko milimita ɗaya na banza. Fistin zai leƙo saman bulo da wajen milimita 7, kaurin gaskit kuwa bai kai ya rufe wannan ba. In bakanike ya juya inji da hannu zai ji ya cije. In kuwa ya yi gangancin ba shi wuta, fistin ya doki kan silinda, bawul ya lanƙwashe, kwanrod ma ya lanƙwashe. Kaya sun lalace, ba su komawa shago, sai rigima tsakanin mai kaya da dillali da mai mota. Maganin abin shi ne gajeren fistin mai inci 1.26, lissafi ya koma 9 yadda yake.

Me ya sa mutane ke wannan wahala? Yayin da karanshaf ke juyawa, kwanrod karkacewa yake yi dama da hagu, yana tura fistin jikin bangon silinda. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon raguwar karkatar, sai gugar bango ta ragu. Kana fistin yana ɗan jinkirtawa a sama lokacin da mai ke ƙonewa, shi kuma gajeren fistin ya fi rashin nauyi. Duk wannan yana da amfani ga injin da ke gudu da sauri ƙwarai. Shahararren bakaniken tsere na Daytona a Amurka, Smokey Yunick, wanda ya rasu a 2001, yana cikin waɗanda suka yayata ra'ayin a sa mafi tsawon da inji zai ɗauka.

Amma fa kada a zuzuta. Masu aikin suna raba tsawon kwanrod da tafiyar fistin su sami awo. A injin 350 ɗin nan, na kamfani yana ba da 1.64, dogon yana ba da 1.72. Iyakar karkatar na farko digiri 17.8, na biyu 16.9, bambancin bai cika digiri ɗaya ba. Mai tsere da ke neman kowane ɗan ƙari zai biya kuɗi a kan wannan. Direban haya da ke jigilar kaya da fasinja ba zai ji wani canji a ƙafarsa ba. Kuma kada dillali ya ce wa mai saye inji zai ƙara girma. Girman inji daga faɗin silinda da tafiyar fistin yake fitowa, ita tafiyar kuwa karanshaf ke yanke ta. Ko ka sa kwanrod mai tsawon taɓarya, girman yana nan yadda yake.

Akwai kuma abin da ake biya. Gajeren fistin, fin ɗinsa hawa sama yake yi ya matse zobba. In aka sa wa wannan bulo karanshaf mai tafiyar inci 3.75 da kwanrod mai inci 6, fistin sai ya koma inci 1.125, har ramin fin ya ci gurbin zoben mai. Irin wannan yana zuwa da wani siririn zobe na tallafi da ake sawa ƙarƙashin zoben mai. In ya ɓace a cikin kwali, saitin bai cika ba, inji zai riƙa shan mai yana hayaƙi. Bayan haka, tun da nauyin fistin da kwanrod ya sake, sai an kai karanshaf an daidaita nauyinsa, in ba haka ba inji ya riƙa jijjiga.

Wanda ya san Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, zai ga wata hanyar dabam. Injinta mai 1600, kwanrod milimita 137 ne, tafiya 69, awo ya kusa 2. Watau tun daga kamfani dogo ne, ba ya bukatar ƙari. Masu sa mata karanshaf mai doguwar tafiya su ke neman wanda ya fi. Da yake silindarta ɗai-ɗai ake ɗaurawa, sai su sa zoben ƙarfe a gindin kowace don ta ɗago. Daga nan inji ya ƙara faɗi, sandunan tura bawul su gaza, sai an sake su. Abu ɗaya ya jawo sayen biyar.

Saboda haka, kafin ciniki ya faɗa, ga abin da muke ba ku shawara. Ku auna tsawo daga tsakiyar babban ido zuwa tsakiyar ƙarami. Yadda ake yi: a auna tazarar da ke tsakanin bakin idanun biyu, a ƙara rabin faɗin kowane. Ku auna babban idon shi ma, don ƙananan injunan Chevrolet masu silinda 8 suna da wuyan karanshaf iri biyu, mai inci 2 da mai 2.1, ba su shiga wa juna. Ku duba fin, na matsewa ne ko mai yawo a cikin bushi. Ku sayar da saiti cikakke mai nauyi ɗaya, kada a tsinto ɗaya nan ɗaya can, kuma kada a musanya murfin wani da na wani. Sa'an nan ku tambayi mai saye: wane karanshaf ne a injinka, wane fistin ka tanada? In ya kasa amsawa, ku ce ya zo da bakanikensa.

Wanda motarsa ta neman abinci ce, ku ba shi na awon kamfani. La'adar yini ɗaya ba ta kai amanar mai saye ba.